Mu Yi Wa Yaranmu Addu'a, Mu Kuma Kai Su Asibiti



Akwai wani yaro ɗan shekara 11 da ke zuwa makarantar Lahadi a nan Kambarawa. Iyayensa sun turo shi wurin kawunsa bayan 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu da dare. Tun da ya zo ba ya wasa da kowa, yana fitsarin kwance, in babur ya wuce da ƙara sai ya shige ƙarƙashin benci. Malamin aji ya ce taurin kai ne, ya zane shi. Wata uwa ta ce aljani ne, aka yi azumin kwana uku a kansa. Babu wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi abin da idonsa ya gani a daren nan. Wannan laifi namu ne duka, ba na malamin kaɗai ba.

Irin wannan yaro suna da yawa a jiharmu. Mun tuna ranar 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Mun yi godiya ga Allah da aka sako su bayan kwana shida. Amma tsoro ba ya fita daga zuciyar yaro ranar da ya dawo gida. Wani ya kan daina barci, wani ya daina karatu, wani saurayi kuma ya nemi mantuwa a ƙwaya da kodin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na yara masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli na farawa kafin shekara 14.

Me ya sa muke ɓoyewa? Domin mu kaɗan ne a gari, kowa ya san kowa. Muna tsoron a ce akwai hauka a gidan wane, 'ya'yansa su rasa aure. Muna tsoron a ce bangaskiyarmu ce ta yi rauni. Mun ga inda ɓoyo ke kai mutane: a Oktoba 2019 'yan sanda sun buɗe wani gidan mari a Daura, suka tarar da yara da samari cikin sarƙa, kuma yawancinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu. Kada mu ce wannan ba ya shafe mu. Wanda ya kulle ɗansa a ɗaki, ko ya sa aka doke shi da sunan fitar da aljani, hanya ɗaya ya bi.

Littafi Mai Tsarki bai hana mu neman likita ba. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Sa'ad da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, a 1 Sarakuna sura 19, Allah ya fara ba shi abinci da barci, ya kuma saurari kukansa kafin ya sake aikensa. Dokar ƙasa ma ta canza. A Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai wannan lalura 'yancin samun magani cikin mutunci.

Ba kowane yaro ne ake ba ƙwayar magani ba. Sau da yawa ƙwararre zai zauna da shi ne mako-mako, ta hira ko zane ko wasa, har ya iya faɗin abin da ke ransa, ya kuma koya wa iyaye yadda za su riƙe shi a gida.

Saboda haka muna roƙon dattawa abu huɗu. A zaɓi namiji ɗaya da mace ɗaya daga Zumuntar Mata, masu riƙe asiri, waɗanda iyaye da matasa za su iya samu. A hana bulala a makarantar Lahadi. In yaro ya canza hali fiye da wata ɗaya, a raka iyayensa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, likita ya duba shi, ya tura shi inda ya dace, ko Dawanau a Kano ko Barnawa a Kaduna. In kuwa ya ambaci kashe kansa, a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. Na huɗu, a ware wani abu daga baiko domin kuɗin mota da magani, gama talauci ne ke mayar da iyaye da yawa gida.

Ɗa na kowa ne. Yaron nan zai zo sujada ranar Lahadi mai zuwa, ya zauna a bencin baya kamar kullum. Wani cikinmu ya je ya zauna kusa da shi.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.