Ba atamfa mace mai naƙuda ke nema ba

Iyayena da 'yan'uwana mata, Hajiyoyi da shugabannin mata na mazaɓu.

Yau magana ce mai ɗaci, kuma da mu nake, mu mazauna GRA. In kanmu ya sara, direba ya kai mu asibitin kuɗi. Wasu ma sai Masar ko Indiya. To mai yi mana wanke-wanke fa? Ita sai kemis, a yanka mata rabin katin magani, don kuɗinta iyakarsu ke nan.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin Keke Napep da na magani suka haura. Mai ciki ta daina zuwa awo. Yaro na zazzaɓi, uwa na jiran Allah ya kawo sauƙi don ba ko sisi. Ƙungiyar MSF ta ce yara 652 suka rasu da tamowa a cibiyoyinta na jihar nan a wata shida na farkon 2025. 'Ya'yanmu ne fa!

Wai har akwai masu cewa ƙaramin asibitin unguwa ɓarnar kuɗi ne, a bari a gina manya. Haba jama'a! Matar da naƙuda ta kama cikin dare ba ta da kuɗin mota, asibitin da za ta taka da ƙafa shi ne nata.

Kuma ba sadaka ake mata ba, haƙƙinta ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga asusun BHCPF, don kula da lafiya a matakin farko. A nan Katsina, hukumar KTSCHMA ke yi wa marasa ƙarfi rajista. Wadda aka yi wa rajista tana da awo, haihuwa da maganin zazzaɓin cizon sauro ba tare da ta biya ba. Mazaɓu 361 gare mu a ƙananan hukumomi 34. Mata nawa muka taɓa kama wa hannu muka kai?

Lokacin zaɓe mun san kowane lungu, mun san gidan kowace bazawara da marainiya. Mun iya rabon atamfa da sabulu, mun iya anko da guɗa. Wallahi in ba mu koma gidajen nan da maganar lafiya ba, kunya ce gare mu.

Don haka kowace shugabar mata ta leƙa asibitin mazaɓarta a wannan makon. Akwai ungozoma da dare? Akwai magani, ruwa da wuta? Ana karɓar kuɗi hannun masu rajista? Ki rubuta, ki turo nan, mu kai wa kansila da ciyaman da ɗan majalisa, ko da 'yan jam'iyyarmu ne. Masu ciki da marayu kuma a taimaka musu su yi katin NIN, a raka su wajen rajista.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A tura wa sauran gurup-gurup don Allah.

Ofishin shugabar mata, GRA Katsina