Sayen Gurbi Ba Shi Ne Shiri Ba

Jiya a majalisarmu ta Agege wani Alhaji ya ce a haɗa kuɗin 'yan kasuwa a saya wa ƙungiyar yaranmu gurbi a Firimiyar Najeriya, wai sun isa. Alhaji, da girmanka, ban yarda ba.

Wace isa? Yaran da ko kuɗin motar zuwa Ikorodu sai an bi rumfuna da faranti? Firimiya ƙungiya 20 ce, wasa 38, rabinsu a gidan wasu. Yau kana Aba, wani makon kana Jos ko Kano, ga masauki, ga albashi duk wata, ga wanda ya karye a yi masa magani.

Ku dubi Sporting Lagos. An kafa ta a 2022, mai ita yana da kuɗin da duk kasuwarmu ba ta da shi. Ta hau a 2023 da guminta, a 2024 ta sauko. Heartland ta Owerri ma ta faɗi a 2024, ta karɓi gurbin Beyond Limits ta zauna, a 2025 ta sake faɗuwa. Gurbi ta samu, ƙafafu ba su canja ba.

Mahaifina ba ya kama babban shago sai ya ga kayan da zai zuba a ciki. Idan an haɗa kuɗin, a fara biyan kocin yaran bashinsa na wata uku, a saya masu takalma.