Zare: bangon faifan da ba suna, ba fuska

1/ Duk sanda aka tashi maganar bangon faifan rock da ya fi kowanne, sai ka ji an ce Sgt. Pepper na Beatles. Ni dai ban yarda ba. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd ya fi shi, nesa ba kusa ba. Ku gyara zama in kawo hujja 🧵

2/ Ku fara tuna girman abin. Kwalin faifan garmaho wajen santimita 31 ne kowane gefe. Kafin ka ji waƙa ko ɗaya, kwalin ka riƙe a shago, shi ne ya ce maka saya ko ajiye.

3/ Sgt. Pepper ya fito 1967. Peter Blake da Jann Haworth suka jera hotunan mutane sama da 50 a tsaye kamar taron biki: Marilyn Monroe, Bob Dylan, Karl Marx, ɗan dambe Sonny Liston. Har Gandhi an saka, kamfanin EMI ya ce a cire. Aikin ya ci kusan fam 3,000 a zamanin da ake yin bango da fam 50.

4/ Aiki ne, ban raina ba. Amma buɗe shi a wayarka yanzu, a Spotify ko YouTube, inda hoton bai wuce girman akwatin ashana ba. Me ka gani? Jama'a sun cakuɗe kamar kasuwa ranar jajiberin sallah. Ba ka gane kowa.

5/ Yanzu ɗauko Dark Side, 1973. Baƙin fili. Farin haske siriri ya shiga gilashi mai kusurwa uku, ya fito da launuka. Shikenan. Ba sunan ƙungiya a gaba, ba sunan faifan, ba fuskar kowa.

6/ Hipgnosis ne suka yi, wato Storm Thorgerson da Aubrey Powell, George Hardie ya zana. Richard Wright, mai kiɗa musu piyano, shi ya nemi wani abu mai sauƙi. Kuma ku ƙirga launukan da kyau, shida ne, ba bakwai irin na bakan gizo da aka koya mana a firamare ba.

7/ Ka rage shi ya koma kamar farce, za ka gane shi. Ka buga a riga, za ka gane shi. Wallahi akwai masu sanye da rigar nan ta gwanjo da ba su taɓa jin sunan Pink Floyd ba. Zanen da aka yi wa kwali tun kafin a san wayar hannu, yau shi ya fi dacewa da fuskar waya.

8/ Na san abin da wani zai ce: “Ai sun riga sun yi suna ne, shi ya sa suka iya cire sunansu.” Akwai gaskiya a ciki. Beatles ma sun yi haka a Abbey Road, 1969: su huɗu suna tsallaka titi a Landan, ba rubutu ko ɗaya. Ɗan sanda ya tsayar da motoci, Iain Macmillan ya hau tsani ya ɗauki hoto shida cikin kamar minti goma.

9/ Toh amma suna kaɗai bai isa ba. Ƙungiyoyi nawa ne suka yi suna a shekarun nan, yau ba wanda zai iya tuna bangonsu? Waɗannan da muke tunawa, kowanne tunani guda ɗaya ne aka tsaya a kai. Layin tsallaka titin nan, gwamnatin Ingila ta saka shi cikin kayan tarihi a 2010.

10/ Shi ya sa nake jin haushi in na buɗe Audiomack. Fuskar mawaƙi, tabarau, mota a baya, suna da ruwan gwal, ƙasa kuma sunan furodusa da na mai ɗaukar nauyi. Ana gobe za a saki waƙa ake kiran mai zane, “yi mana wani abu sharp sharp.” Ina laifin yaron?

11/ Ba cunkoso nake zagi ba fa. Lemi Ghariokwu ya yi wa Fela bango 26, wasunsu cike da mutane da rubutu, amma kana kallo ka san da wa ake faɗa.

12/ Kuma kar ku ɗauka sauƙin zane lalaci ne. Wish You Were Here, 1975: mutum biyu cikin kwat suna musabaha, ɗaya yana ci da wuta. Wutar gaske ce. Ronnie Rondell, mai wasan kasada a fim, aka cinna wa. Iska ta juya ta babbake masa gashin baki. Saƙon: a harkar waƙa, ana ba ka hannu ana ƙona ka.

13/ Na Animals kuwa, 1977, ƙaton balan-balan mai siffar alade suka ɗaure a tashar lantarki ta Battersea. Igiya ta tsinke, alade ya yi sama, ya rikita tashin jirage a Heathrow, ya je ya faɗi a gonar wani manomi a Kent ya firgita masa shanu 😂

14/ Bayan duk wannan wahalar, sararin sama na ranar farko ya fi burge su. Sai suka yanko aladen daga wani hoton daban suka liƙa a kai.