Shanyewar ɓarin jiki: Rufin asirin da ke jawo nakasa

A ma'aikatun gwamnatin tarayya da ke Abuja akwai wata ɗabi'a da ake ɗauka a matsayin biyayya. Idan jikin maigida ya rikice ana cikin aiki, sai hadimansa su rufe ƙofa, su ce yana hutawa, daga bisani direba ya sulale da shi gida. Idan gajiya ce ko zazzaɓi, wannan rufin asiri ba ya cutar da kowa. Amma idan shanyewar ɓarin jiki ce, yana iya zama sanadin nakasar da ba ta warkewa, ko ma ajali.

Cutar tana aukuwa ne idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai saboda gudan jini ya toshe jijiya, ko kuma jijiyar ta fashe. Cikin 'yan mintoci ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke fara mutuwa, kuma waɗanda suka mutu ba sa dawowa. Akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, sai dai galibi ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi daga lokacin da alamu suka fara, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar toshewa ce, domin idan jijiya ce ta fashe allurar za ta ƙara ɓarna. Duk awar da aka shafe ana shawara a ofis, daga cikin wannan ɗan lokaci aka cire ta.

Gane alamun ba sai likita ba. A ce wa mutum ya yi murmushi, a duba ko bakinsa ya karkace. A ce ya ɗaga hannuwansa biyu, a ga ko ɗaya zai sauka da kansa. A ce ya maimaita gajeriyar jimla, a saurara ko harshensa ya yi nauyi ko maganar ta hargitse. Ko ɗaya daga cikin ukun ya isa a tashi tsaye. Haka ma idan gani ya ɗauke farat ɗaya, ko jiri ya hana shi tsayuwa, ko ciwon kai mai tsanani ya sauko masa ba zato.

Abu na farko shi ne a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, domin likita zai tambaya. Daga nan a kira lambar gaggawa ta 112, ko a garzaya da shi babban asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ba kemis ɗin unguwa ba. Kada a ba shi ruwa ko abinci, saboda cutar kan hana haɗiya, abin ya wuce huhu. Kada a ba shi asfirin ko maganin hawan jini kafin likita ya gan shi. Addu'a kuwa ana iya yin ta a mota, a kan hanyar asibiti.

Wani tarkon shi ne alamun da ke zuwa su wuce cikin 'yan mintoci, mutum ya gyara hularsa ya koma taro. Wannan gargaɗi ne, kuma haɗarin babbar shanyewa ya fi yawa a kwanakin farko da ke biyo baya. Shi ma asibiti ya kamata ya tafi a ranar.

Ya dace Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya sa a koya wa direbobi, masinjoji, sakatarori da hadimai waɗannan alamu, domin su ne ke kusa idan abin ya faru. Kowace ma'aikata ta san asibitin da za ta nufa tun kafin buƙata ta taso. Ma'aikacin da ke zaune a Mararaba, Kubwa ko Suleja shi ma ya bincika wanda ya fi kusa da gidansa, ya yi lissafi da cunkoson hanya. Tunda hawan jini ne babban sanadin cutar, kuma yakan daɗe a jiki ba a sani ba, a mayar da awon jini abin yau da kullum a ofisoshi.

Hadimin da ya katse taro ya kai maigidansa asibiti yana iya shan faɗa idan abin ya zo da sauƙi. Wannan faɗan ya fi sauƙin ɗauka a kan shekarun jinya da iyalin maigidan za su yi idan ya yi shiru.