Kalmar Mako: "Reckless"

 Kalmarmu ta wannan mako ita ce "reckless", ana furta ta "rekles". Sifa ce da ake yi wa mai ganganci, wato wanda ya san akwai haɗari a abin da zai yi, amma ya rufe ido ya afka.

Kalmar kashi biyu ce. "Reck" tsohuwar kalma ce mai nufin kula ko damuwa da abu, ba a cika jin ta yanzu ba. "Less" kuwa ɗafa-ƙeya ce mai nuna rashi, kamar a "homeless", marar gida. Ke nan "reckless" shi ne wanda bai damu da abin da zai biyo baya ba. Kada mu sa mata "w" a farko. "Wreck" kalma ce daban, ita ce ragargajajjiyar mota ko jirgi.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne haɗa ta da "careless". Ɗalibar da ta manta ba ta rubuta lambarta a takardar jarrabawa ba, "careless" ce, sakaci ta yi. Saurayin da ya saki kan babur yana wasa a tsakiyar 'yan ɗaurin aure, ko yaron da bai iya iyo ba ya faɗa kududdufi da damina don abokai su yaba masa, waɗannan "reckless" ne. Sun ga haɗarin, suka raina shi.

Ga yadda take sauyawa:
Sifa: "He is a reckless driver."
Bayanau: "She spent the money recklessly."
Suna: "His recklessness caused the accident."

A jarrabawar WAEC da NECO akan nemi kalma mai kusancin ma'ana ko kishiya. Makusantanta su ne "rash" da "foolhardy", kishiyoyinta kuma "cautious" da "prudent". Kada mu zaɓi "brave". Jarumi yakan auna haɗari kafin ya shiga, kuma yana da dalili. Mai ganganci ba ya aunawa, sai abu ya ɓaci ya tuna da-na-sani ƙeya ce.

Aikin gida: kowa ya rubuta jimla uku, ɗaya da kowace siga, ya nuna wa malamin Turanci. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.