Shirun amfilifaya ba mutuwa ba ne



Kwanakin baya muka sayi wata tsohuwar Pioneer ta shekarun 1970 a hannun ɗan gwangwan, irin mai haɗe da rediyo da amfilifaya. Kafin mu jona ta sai da muka karanta rubutun bayanta, domin kayan Amurka wutar 120 suke sha, na Jafan 100, tamu kuwa 230 ce. Muka ga ta dace da wutarmu. Da muka kunna, fitilun fuskarta suka kama, allurar tasha tana motsi, amma sifika ko tari ba ta yi ba. Nan take wani a cikinmu ya ce a ɗaura guntun waya a tsallake abin da ya tare sautin, a huta. Muka ƙi, kuma dalilin ƙin ne muke son mu baje a yau.

A ganinmu, wannan ɗabi'a ta "a yi mata dabara" ta fi tsufa kashe kayan sauti.

Yawancin irin waɗannan na'urori suna da ɗan makunni da ake kira riley, tsakanin amfilifaya da sifika. Idan aka kunna, bayan 'yan daƙiƙu za a ji ya yi ƙyas, sannan sauti ya fito. Idan ya ƙi, sau da yawa da gangan ne: na'urar ta gano wutar DC na neman kwarara zuwa sifika, kuma wannan wuta tana ƙone zaren da ke cikinta. Wanda ya tsallake riley ya kori maigadi ne don ya hana shi shiga gidan da ke ci da wuta. Haka ma mai naɗa waya a gurbin fis.

Mu da abin da ba ya cin kuɗi muka fara. Mun duba maɓallin sifika na A da B, da na tef, wanda idan yana danne yakan toshe sautin rediyo gaba ɗaya. Mun duba 'yan ƙarafan baya masu haɗa sashen farko da na ƙarfi, domin wani lokaci cire su ake yi. Mun gwada fis da mita, ba da ido ba. Duk lafiya. Sai muka cire sifika, muka haɗa kwan fitila mai zare na wat 100 a layin wutar da ke shiga, yadda idan akwai shot kwan zai haska ya tare ɓarnar. Muka auna wuta kafin riley. Ɓangaren dama bai kai milibolt 50 ba, wato daidai. Na hagu ya haura bolt 30. Taransista ɗaya ce ta ƙone. Da mun ɗaura wayar nan, da garin neman gira mun rasa ido.

Mun san masu gyara suna da uzuri. Kayan gyara na asali sun yi wuya, jabu sun cika kasuwa, ga mai kaya a tsaye yana son ya ji kiɗa yau a kan kuɗi kaɗan. To amma laifin har da mu masu kai gyaran. Mu ne ke ƙin biyan kuɗin bincike, sannan idan sifika ta ƙone mu ce mai gyara bai iya ba.

Jan kunne ɗaya: manyan kafasita suna riƙe wuta ko bayan an zare soket. Wanda bai saba ba kada ya sa hannu, ya kai wa wanda ya sani, ya kuma ba shi lokacin aunawa.

Pioneer ɗin tana nan, da ita muke jin labaran safe. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.