Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ƙungiyar Likitoci ta Najeriya



Magidancin da ya haura hamsin yana fama da ciwon suga da hawan jini, ga ciwon gwiwa, ba ya ganin likita sai ranar da aka rubuta masa a kati. Sauran kwanakin, 'yan zaurensa na WhatsApp ne abokan shawara. A can ake faɗa wa juna kantin da insulin ya fi sauƙi, da yadda ake rage tuwo a yawaita ganye, da dabarar duba tafin ƙafa kullum don kada gyambo ya ɓuya. Mai jinya ba ya rasa wanda zai ce masa sannu ko da tsakar dare.

Sai dai kowa da irin jikinsa. Diclofenac da wani ya yaba saboda gwiwa yana iya tayar da jinin wani, ya kuma taɓa masa ƙoda. Metformin kansa sai an rage shi, ko a daina, idan ƙoda ta raunana. Mai shan glibenclamide kuwa, suga na iya faɗi masa warwas cikin azumi. Ga masu tallar jiƙe-jiƙe marasa lambar NAFDAC, su kam ba sa fashin turo saƙo.

Roƙon shi ne ku sa rassanku na jihohi su ba kowane babban zaure likita ɗaya mai leƙawa mako-mako, yana amsa tambayoyi da saƙon murya cikin Hausa, tunda ba kowa ke karatun boko ba. Ku fara kafin 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya.

Wassalam.